Ranar da Na Kulle Ɗiyata a Ɗaki

Ko tsufa ya kwashe mini hankali, akwai yini ɗaya a shekarar korona da ba zai fita raina ba.

Lokacin ina aikin jinya a wata ƙaramar likita, wato asibiti, a nan Agadas. Maigidana yana can wajen haƙar zinari, ni kaɗai ce da ɗiyata 'yar shekara uku. An rufe lakwal, wato makarantu, da wuraren renon yara, mu kuma aka ƙara mana lokacin aiki, daga safe sai magariba. A rediyo kullum yabonmu ake, wai mu ne jarumai. To, jaruma fa ba ta da mai riƙe mata ɗiya!

Da ma wata tsohuwa a gidan hayarmu ke kula mini da ita. Rannan da safe ta tsaya nesa da ƙofata, ta rufe hanci da gefen mayafi.

"Ɗiyata, ki yi haƙuri. An ce masu ciwon nan kike taɓawa. Ni ma ina da jikoki."

"Inna, to ina zan kai ta?"

Ta juya abinta. Na goya yarinyar zuwa wurin aiki, majo, shugabanmu, ya tare ni a bakin ƙofa. "Madam, nan ba gidan reno ba ne. Doka ce. Ki san yadda za ki yi."

Na koma gida, na ajiye mata ruwa da burodi, na kunna fanka, na kulle ɗaki ina hawaye. Tsakiyar bazara ce, zafin da ko takalmi ba ya hana ƙafa ƙuna. Ashe da azahar kuran ya ɗauke, ba wuta, fanka ta tsaya.

Da na dawo na tarar da matan gidan a inuwa suna tsintar shinkafa. Ɗaya ta ce mini, "Kai, ɗiyarki ta yi ta kuka tana buga ƙofa. Amma tun la'asar ta yi shiru."

Wai albishir take mini! Mata biyar, ƙofar kwano, an rasa mai ɗaukar taɓarya ta ɓalle ta.

Na same ta kwance a bayan ƙofa, ruwan ya zube, leɓɓanta sun bushe, ko sunanta ba ta amsawa. Na sungume ta sai likitarmu. Majo da kansa ya sa mata ƙarin ruwa, yana cewa, "Haba madam, ai da kin faɗa mini."

"Na faɗa maka da safe, da ita a bayana," na ce.

Allah ya tashi kafaɗarta. Washegari na zo aiki goye da ita, na bi ta gabansa, bai tare ni ba.

Tun ranar na koyi cewa duk dokar da ta ce uwa ta fito aiki, ba ta tambayi wa zai riƙe mata ɗa ba, wanda bai taɓa goyo ba ne ya tsara ta. Kuma in na ji kukan yaro a bayan ƙofa, ba na tambayar ɗan wa ne.