Jamfar Wayar Inna

Ni tela ne, na yi shekara da shekaru ina ɗinka wa mutanen Kazaure jamfa, amma ban taɓa sanin ana yi wa waya jamfa ba sai da wayar Inna ta mutu.

Wayar ba wata abar a zo a gani ba ce, da roba ma ake ɗaure murfinta. Sai dai muryar Baba tana ciki, wani ɗan saƙo da ya turo wa Inna daga asibiti a Kano kwana biyu kafin rasuwarsa. Kullum bayan sallar asuba sai ta saurare shi. Ran nan tana alwala wayar ta sulɓe ta faɗa cikin bokiti, ta ɗauke wuta.

Masu gyara biyu na kai wa, kowanne ya ce a canja injin kawai. Da na tambaya ko muryar za ta dawo, sai su ce ai ta tafi da tsohon injin. Raina ya ɓaci, har na gaya wa ɗayansu maganar da ban so ba. Na uku kuwa Inna ta ce ƙafarta ƙafata. Ta hau babur tun daga gidanta a Roni, ga ciwon gwiwa.

Wani siririn mutum ne mara yawan magana, rumfarsa na kusa da tasha. Ya ba Inna kujerarsa, ya kwance wayar, ya zaro wani ɗan koren allo da suke kira fanel. Maimakon ya cika mu da Turanci, sai ya ɗora madubin ƙara girma a kai ya ce mu leƙa, wai gari ne guda. Siraran zanen tagulla da suka fi zarena ƙanƙanta su ne layuka, ta nan wuta ke bi. Baƙaƙen 'yan murabba'an nan sunansu aisi: babban shi ne mai gari, na gefensa rumbu, a nan ake ajiye hotuna da muryoyi. Har 'yan hudojin da na ɗauka ado ne ya ce kwalbati ne, ta ciki layi ke nutsewa ya ɓulla ta bayan allon. Ni da nake ganin na san sana'a, na saki baki ina kallo.

Ya daɗe yana dangwala tsinken mitar auna wuta nan da can, sannan ya ɗago.

"Rumbun lafiya lau yake, Inna. Layin da ke kai masa wuta ne ruwa ya cinye. Sai an yi mata jamfa."

Inna ta juyo ta zabga mini harara. Ta ce ashe abin a hannuna yake, ina tela na bar ta tana yawo a kan babur, ƙyallen da zai ishi waya ma sai ta roƙe ni? Na fashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba, kuma a nan ya gama shiga raina. A hankali ya bayyana mata cewa tasu jamfar wani silin tagulla ne da ake tsallakar da wuta da shi ta saman inda ya yanke.

Ya kankare koren fentin da bakin reza har tagullar ta fito. Ya zaro sili ɗaya, gashin kai ya fi shi kauri, ya ɗiga dalma ya riƙe numfashi. Ina alfahari da zura zare a allura ba tabarau, amma ranar na san akwai hannun da ya fi nawa. Karon farko silin ya zame. Inna ta fara jan carbi. Ya sake, ya liƙe ɗaya bakin, ya mayar da batir.

Fuskar wayar ta kawo haske. Ya miƙa wa Inna da hannu biyu, ya kau da kai kamar yana neman wani abu a akwatinsa.

Muryar Baba ta fito, da 'yar shaƙewar nan tasa. Ba wata doguwar wasiyya ba ce. Cewa yake jiki da sauƙi, a riƙa ba tumaki ruwa kafin azahar, kuma ta daina damuwa.

"To, Malam, an ba su," in ji Inna.

Ta share ido da bakin mayafi, ta nuna mini mai gyaran da haɓa.

"Ciro tef ɗinka ka auna shi. Farar shadda za ka sa."