Sallamar da Ta Ƙi Fita

A zauren gidanmu na Soron Ɗinki na buɗe shagon intanet, kwamfuta huɗu a kan layi ɗaya. Wata manhaja ce da ake kira furoksi take raba musu layin. Aikinta na mai gadi ne, duk abin da zai shiga ko ya fita sai ya bi ta hannunta. Baba ya ce ba za a kalli batsa a zaurensa ba, don haka na kunna mata tace kalmomin banza na Turanci.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ɗanta yana karatu a Masar. Sun rabu ba daɗi, ita kuma tana so ya san ta huce. Ta zauna tana faɗa ina buga masa saƙo. Na danna don in tura, furoksi ta ce an hana. Saƙon kowa yana wucewa ban da nata.

Haushi ya sa na cire manhajar na sa wata. Ita wannan da an ɗauke wuta sai ta manta komai, kuma ita ma ta tare Gwaggo. Ta uku kuwa saitinta kaɗai ya kusa haukata ni. Duk Juma'a Gwaggo za ta leƙo ta ce, "Malam mai na'ura, yau ma mai gadin naka bai tashi da ni ba?" Tana dariya, amma tausayinta ya hana ni sakewa.

Rannan na riƙa tura saƙon kalma-kalma daga ƙarshe. Komai ya wuce sai Assalamu alaikum. Ashe haruffa ukun farko zagi ne a Turanci. Samarin unguwa "slm" kawai suke rubutawa, shi ya sa ba su taɓa maƙalewa ba.

Na ce, "Gwaggo, mu gutsure sallamar mana."

Ta harare ni. "In shiga wa ɗana ba sallama? Ni ɓarauniya ce? Je ka koya wa mai gadinka ladabi."

Na koma kan manhajar farkon da na cire, na tono inda ake yi wa kalma afuwa, na rubuta sallama cikakkiya. Saƙo ya tafi.

Washegari amsa ta zo. Na fara karanta mata, "Wa alaikumus salam, Inna." Ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya nan. Maimaita mini."