Talabijin ɗin da Ta Ci Hannun Yari

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Yari mai balangu a Ƙofar Guga ya san ba ya riƙe hannun mutum. Zai miƙo maka dama a buɗe, yatsu a sandare, ka kama ka saki. Baƙo sai ya ɗauka girman kai ne. Ina! Hannun nan da kake gani, akwai lokacin da ambatonsa kawai ke sa ƙato ya tuna yana da uzuri a gida.

Ɗan mahauta ne, a cikin jini da ƙarar gatari ya tashi, kuma tun bai yi gemu ba ya shiga dambe. Da kaka in an naɗe masa zare a hannu, makaɗa suka ɗauki takensa, to sai dai a tanadi ruwan zuba wa abokin karawa. Haka ya yi ta kisa ƙauye-ƙauye har ranar da ya haɗu da wani saurayi a Jibiya. Naushi ɗaya ne, a muƙamuƙi. Saurayin ya tashi, amma bakinsa bai ƙara komawa daidai ba, abinci ma sai an dama masa. Furera, mahaifiyar Yari, ta hau mota ta je ta gano shi da idonta. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba, ta kama wuyan hannun ɗanta.

"In ka ƙara ɗaga wannan hannun a kan wani, ban yafe maka nonona ba, duniya da lahira."

Ba ta daɗe ba ta rasu, ba ta kuma janye maganar ba. Yari ya ƙone zarensa, ya kafa rumfar kwano, ya jera bencina, ya sayi janareta, ya buɗe gidan kallon ƙwallo. Ka ji mutum! Wanda aka hana faɗa, shi ne ya zaɓi sana'ar tara samari masu jin jini a ɗaki ɗaya. Amma ya iya da su. In rigima ta tashi sai ya shiga tsakani da ƙirji, ya zuba musu ashar irin ta Katsinawa mai daɗin ji, hannun dama kuwa yana cikin aljihun riga. Ya yi shekaru a haka bai taɓa ko marin yaro ba.

Abin ya fara lalacewa ne da maƙwabta suka sayo manyan talabijin, 'yan kallo suka fara zamewa. Yari ya sayar da babur ɗinsa ya nufi shagon Sagir a Ƙofar Kaura, wani ɗan gaye mai ƙamshin turare da zaƙin baki. Sagir ya nuna masa wata mai faɗin ƙofar zaure, ya ce mai wayo ce, da intanet take aiki, har magana tana ji. Yari ya kai ta gida a Keke Napep yana rungume da ita. Kamar yadda kowane mai gidan kallo ke yi, ya kira mai walda ya ƙera mata keji na ƙarfe saboda ɓarayi da masu jifa, aka huda bayanta aka ɗaure ta da kusoshi.

Wayon nata bai jima ba ya bayyana. Ana tsakiyar wasa sai tallan sabulu ya faɗo a gefe, ba wanda ya kira shi. Wani lokaci rubutun Turanci ya cika fuskarta. Yari bai yi boko ba, sai ya yi ta danna rimot har abin ya tafi. Da ya kai ƙorafi, Sagir ya ce kamfani ne ke magana da kayansa, ba komai. Yari ya ce kayan wa, shi da ya sayar da babur ya saya? Sagir ya yi dariya ya ba shi ruwan leda.

A gidan Yari akwai doka: rimot a aljihunsa yake, ba mai taɓawa. Kuma ko da yake yana rantsuwa shi ba ya goyon bayan kowa, duk unguwa ta san masu jar riga ne nasa, don in sun ci har kyautar shiga yake yi. Wata Lahadi bayan la'asar masu ja suka haɗu da masu shuɗi. Rumfa ta cika har bakin ƙofa, zafi da warin gumi ba a magana. Ana gab da tashi, ba wanda ya ci, alƙali ya ba masu shuɗi fenariti. Ɗan wasa ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya taho a guje. Sai fuskar talabijin ta yi baƙi ƙirin, rubutu ya fito, wani ɗan layi ya fara rarrafe a ƙasa.

Kabiru ɗan acaba, jagoran masu shuɗi, shi ya fara miƙewa. Ya ce wallahi Yari ne ya kashe, ga hannunsa nan a aljihu inda rimot yake. Kowa ya juya, kuma gaskiya hannun yana aljihu, inda ya saba zama tun rasuwar Furera. Kafin Yari ya buɗe baki, benci ya sauka a kafaɗarsa. Masu ja suka taso, masu shuɗi suka tare su, rumfa ta kaure. Aka ɓalle ƙafafun bencina ana rotse da su, kwalba ta fashe a kan wani, kwano ya yage, na ƙasa ana tattaka su suna salati. Kabiru ya shaƙe Yari ya haɗa kansa da keji, ya sake haɗawa. Haƙora biyu suka zube. Jini ya rufe masa ido.

Yari yana ganin muƙamuƙin Kabiru a buɗe, daidai inda ake so, ko yaro ba zai kuskure ba. Hannun ya dunƙule da kansa a cikin aljihu. Tsoro ya kama shi, ba na Kabiru ba, na hannun. Sai ya zube ƙasa ya kwanta a kansa, ya bar musu baya da haƙarƙari, suka yi ta zuba masa ƙafa har 'yan sintiri suka iso. Yana kwance cikin jini ya ji kiɗa a samansa. Talabijin ta gama abin da take yi, ko ƙwarzane babu, tana tallan sabulu.

Washegari ya kwance ta ya kai wa Sagir, kai a naɗe, baki a kumbure. Sagir ya kira kamfani ya sa a lasifika. Wata murya mai sanyi daga Legas ta yi bayani, Sagir yana fassarawa. Wai talabijin lafiyarta ƙalau, sabunta kanta ta yi, kuma tana da ikon yin haka duk lokacin da kamfani ya ga dama, don mai ita ya danna ya amince. Da aka ambaci keji, muryar ta ce tunda an huda bayanta, garanti ma ya faɗi. Ta yi musu fatan alheri ta kashe.

"Wane ne ya kashe mani ita jiya?" in ji Yari. "Ka kai ni wurinshi in ga fuskarshi."

"Malam Yari, ba mutum ba ne, tsari ne." Sagir ya gyara agogonsa. "Ku ne ba ku karatu, komi kuka gani sai ku danna. Laifin wa?"

Nan ne hannun ya fito daga aljihu. Yari ya ce shi bai san lokacin da ya fito ba. Ya dai ga fuskar Sagir ta yi fari, ya ga muƙamuƙinsa, ya ji yatsun Furera a wuyan hannunsa kamar yau ta kama. Naushin ya riga ya tashi, ba mai mayar da shi, iyakar abin da ya iya shi ne ya karkata kafaɗa. Ya wuce ta gefen kunnen Sagir ya shige fuskar talabijin har wuyan hannu. Gilashi ya yanke jijiyoyi, ƙasusuwan yatsu suka ruguje. Sagir ya zauna daɓas a ƙasa, jinin Yari yana ɗiga a kan takalminsa.

A asibiti an ɗinke abin da zai ɗinku, amma likita ya ce yatsun ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Gidan kallo bai sake buɗewa ba. Kamfani kuwa har yau bai san an yi wani Yari a duniya ba, kuma wannan yana ƙona masa rai, ba ya ɓoyewa. Ya koma sana'ar gidansu, ya koyi yanka balangu da hagu. Kabiru kan tsaya da babur ya saya, kansa a ƙasa, Yari ya ƙara masa albasa.

Wani abokinsa na zamanin dambe ya taɓa riƙe hannun yana jujjuyawa, har ya yi ƙwalla, ya ce kaico, hannu irin wannan ya tafi a banza. Yari ya zare shi a hankali ya ɗora a kan tebur, a fili, inda kowa ke gani.

"Bar shi haka nan," ya ce. "Shekara da shekaru ina gadinshi. Yanzu ko yau na mutu, ba ni jin kunyar haɗuwa da Inna."