Lambun Mai Aski

Kawuna mai gyaran rediyo ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya so wani abu don kansa ba, sai ya gan shi a hannun maƙwabcinsa mai aski tukuna. Mai aski ya shafa wa ƙofarsa shuɗin fenti, Kawu ya shafa. Ya sayi tabarau, Kawu ya saya, alhali idonsa garau. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, takan ce, "Ranar da mai aski ya faɗa rijiya, ku zo da igiya biyu." Mu yi ta dariya.

Inna ba ta daɗe da rasuwa ba zuciyar mai aski ta tsaya, almakashi na hannunsa. Da ƙyar likitoci suka ceto shi. Ya dawo da labari: wani lambu, ruwa na gudana, ga marigayiya mahaifiyarsa a gindin bishiya tana miƙo masa hannu. Kullum shagonsa cike da masu saurare. Kawu na bakin ƙofa da rediyo a cinya, ko noti ɗaya bai ɗaure ba.

Ni nake ba Kawu maganin hawan jini. Wata safiya ina sharar shago na tarar da ƙwayoyin jibge a gwangwanin kusoshi.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Lambun kawai zan leƙa, 'yata. Shi ma ai ya dawo."

Na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. A makon ya yanke jiki ya faɗi kan teburin aikinsa.

Da ya farfaɗo a asibiti, bakinsa a karkace, ya damƙe hannuna.

"Na ga lambun. Har bishiyar."

"Ka ga Inna?"

"Uwar mai aski ce a wurin. Ko kallona ba ta yi ba. Bayana take leƙawa, ɗanta take nema."

Har na ce a raina ya horu. Sai ya ce, "Ban yi nisa ba ne. Shi ya fi ni daɗewa a can."

Yanzu in na ba shi magani sai ya buɗe baki ya ɗaga harshe na duba. Wallahi tsoro nake ji. Jiya na ɗaga wata tsohuwar rediyo zan goge, na ji ƙananan abubuwa suna kaɗawa a cikinta.