Kan Burtun Yaya Lado

Yayana Lado maharbi ne, amma ba irin masu shiga daji da karnuka da hayaniya ba. Shi hanyarsa guda ce, 'yar siririyar turbar da ta bi gefen tafkin garinmu, gabas da Kafin Hausa. Turbar nan ya san ta kamar tsakar gidanmu. Ya san giginyar da zalɓe ke tsayawa a ƙarƙashinta ya yi ta zurum, da ramin da tsari ke fitowa shan hantsi, da inda dinya da kirinjijiya ke sauka in ruwa ya fara ja da baya.

Sana'arsa kan burtu ce. Itace ne ya sassaƙa kamar wuyan tsuntsun, ya ɗora masa bakin burtu na gaske. Sai ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa yana rarrafe yana caccakar ƙasa. Tsuntsaye ba sa gudun burtu, don haka har tsakiyarsu yake shiga kafin ya saki kibiya. Mu mata in mun je ɗiban ruwa mukan yi musu, wannan burtu ne ko Yaya ne.

Shekarar da Nasara suka fara zuwa mana rangadi, wani Bature ya sauka a bakin tafkin da bindigarsa. Dagaci ya sa aka yi shela kada kowa ya bi turbar sai baƙo ya tashi. A makon nan kuwa matar Yaya, Mu'minatu, ta haihu bayan shekara tara tana jira, ga shi ko ƙashi babu a tukunyar mai jego.

Na ce, "Yaya, ba ka ji shela ba?"

Ya ce, "Mutane aka hana, Safara'u. Wa ya hana burtu kiwo?" Yana dariya yana ɗaura abinsa. Har yau ina jin haushin dariyar nan.

Ya iya aikinsa, abin da ya cuce shi ke nan. Baturen ya hango burtu yana tafe cikin ciyawa, ya saita, ya harba. Da aka je ɗauko tsuntsu sai aka tarar da mutum kwance cikin taɓo, jini ya rufe masa rabin fuska. Idon dama ya tafi, wanda yake auna kibiya da shi.

Masinjan Baturen ne ya rako Yaya gida a kan jaki. Ya tsaya a ƙofar zaure yana ta washe baki, wai Bature ya ce bai taɓa ganin gwaninta irin wannan ba, wai har ya ajiye kan burtun zai kai ƙasarsu a gani. Sannun da muka samu ke nan. Dagaci kuma ya aiko a gaya mana mu gode Allah da ba a ɗaure mai taurin kai ba.

Ranar suna yana kwance a ɗaki, gefen fuskarsa na dama naɗe da tsumma. Na ɗauko jaririn na kai masa, na durƙusa a damansa kamar yadda na saba. Ya daɗe yana lalube da hannu.

Ya ce, "Zagayo da shi ta nan, Safara'u. Ban gan shi ba."