Wankan Japanawa a Banɗakin Najma

A shekarata ta tara a Doha bayana ya ƙi ni. Aikina dakon kafet ne a wani shago a Al Mirqab, kafet irin wanda ya fi ni nauyi. Kafil ɗina, wato maigidan da takarduna ke hannunsa, ya lura ina tafiya kamar mai neman allura a ƙasa, sai ya ce da ni a gaban kowa: "Sati ɗaya. In ba ka miƙe ba, khalas." Khalas ɗin nan tikitin Kano ke nan, ga 'ya'ya shida baki buɗe.

Mu takwas ne a ɗaki a unguwar Najma. Duk Juma'a akwai wani ɗalibi ɗan Zariya da ke zuwa cin tuwonmu. Dakta muke ce masa, ko da yake ya yi furfura karatun bai ƙare ba. An taɓa kai shi taro Japan, tun da ya dawo kunnenmu bai huta ba. Ran nan ya ciro waya yana nuna mana wani gari a cikin duwatsu inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ko'ina tururi. Manyan mutane na yawo a titi cikin rigar wanka da takalmin katako, ƙwas-ƙwas, su fita wannan gidan wanka su shiga wancan. A bakin hanya akwai inda za ka zauna ka tsoma ƙafa. A ruwan suke dafa ƙwai su sayar wa baƙi. Har birai ya nuna mana, sun lumshe ido a ruwa kamar attajirai. Wai garin warin ruɓaɓɓen ƙwai yake, kuma wai warin ma abin so ne.

Na ce, "Wato mutum ya hau jirgi takanas don a je a dafa shi?"

"Kawu, ba za ka gane ba. Da idona na ga tsoho ya shiga a ranƙwafe, ya fito yana sauri kamar zai kama mota."

Nan na ajiye lomar da ke hannuna.

Watan Agusta ne. Tankin ruwanmu a saman bene yake, rana na gasa shi tun safe. Duk wanda ya kwana biyu a garin nan ya san a lokacin zafi kashe hita ake yi, a yi wanka da famfon ja na ruwan zafi, don famfon shuɗi na ruwan sanyi wuta yake zubarwa. Na ce a raina, ashe abin da Japanawa ke tinƙaho da shi mu a famfo yake zubo mana muna zaginsa.

Na tambayi Dakta ƙa'ida. Ya ce sai ka yi wanka tas kafin ka shiga, ka ɗora ƙaramin tawul a ka, kada ya taɓa ruwa, kuma tsirara ake shiga. Na ce wannan ta ƙarshen su riƙe kayarsu.

Akwai wani ɗan Zangon Kumasi a ɗakinmu, mai gadi ne a Ain Khaled. Ya sayi shuɗin durom na roba zai cika shi da kaya ya aika gida. Ina ganin barci ya kwashe shi bayan tuwo, na mirgina durom ɗin zuwa banɗaki. Ƙarfe biyu na rana na cika shi daga famfon shuɗi. Na jefa ƙwai uku. Na ɗora tawul a ka, na yi bisimilla, na zura ƙafa da gajeren wandona.

Ƙwan ne suka fara mutuwa, don a kansu na zauna. Sai zafin ya iso. Na yunƙura zan tashi, ashe gwiwoyina sun tokare gaba, bayana ya tokare baya, bakin durom kuwa ya fi cikinsa ƙunci.

"Jama'a! Ku zo, na dahu!"

Suka ɓalle ƙofa. Mutumin Kumasi ne a gaba. Ko kallona bai yi ba.

"Massa, durom na! Shinkafa zan sa a ciki, ka je ka sa ɗuwawu!"

Dakta kuwa cewa ya yi, "Kawu, tawul ɗinka ya taɓa ruwa."

"Dakta, in na fito sai na taɓa ka."

Suka kwantar da durom, ruwa da ƙwai suka malale har ƙarƙashin gadaje. Aka tuttula mini man girki. Mutum uku suka riƙe gindin durom, biyu suka ja hannuwana, ɗaya na ihun "Yalla, yalla!" kamar ana sauke kaya a tasha. Na fito sulluɓ, ina ƙamshin soyayyen ƙwai.

Washegari na je shago a miƙe ƙyam kamar soja. Ba warkewa na yi ba. Fatar bayana ce ta soye, ko riga ta goge ta sai na ga taurari, balle in ranƙwafa. A ka na riƙa ɗaukar kafet, ina tafiya ido jawur. Kafil ya dube ni sama da ƙasa, ya ce masha Allah, ya ɗaga hannu zai dafa bayana. Na kauce kamar an jefo maciji.

Bayan sati biyu fata ta saɓule, ciwon ya dawo mazauninsa. Amma a lokacin kafil ya manta da ni, ya koma kan wani ɗan Nepal mai tari.