Aikin Mai Gumi, Ladan 'Yar Shanya

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da kaka biyun da na yi a bakin duron gumin shinkafa a Tudun Wada ba. Tsufa ya cinye mini abubuwa da yawa, amma wannan ya ƙi ciwuwa. In na tuna, har yau zuciyata tafasa take yi.

Bayan rasuwar maigidana da shekara guda na je neman aiki wurin wani Alhaji mai injin casar shinkafa. Ɗan aminin marigayi ne, ni na daka furar sunansa. Ya sa ni cikin 'yan shanya. Mu baza shinkafa a kan tamfol, mu ja ta da manjagara, mu kori awaki, a ba mu lada mafi ƙanƙanta a gidan. Mai gumi kuwa, wadda ke jiƙa shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, ta turara ta kafin a kai inji, ninki uku take karɓa. Ba a banza ba, don in ta kuskure kaɗan, shinkafa ta fito tsaki.

Ana nan, ana nan, sai mai gumin ta bi ɗanta zuwa Doguwa. Alhaji ya san na koyi gumi a hannun mahaifiyata tun muna Tiga. Ya zo har da rusunawa ya ce, "Inna, riƙe mana duron nan na kwana biyu kafin mu samu wata."

Ban ce nawa ba. Nan na yi kuskure, kara ce ta kashe ni. Ta yaya zan buɗe baki in yi ciniki da wanda na goya? Na ɗauka ido zai ga aiki, hannu ya biya.

Kwana biyu suka zama kaka biyu. Hayaƙi ya dafa mini ido, tururi ya saɓule mini fatar hannu. Ni ke sanin jiƙo ya yi da na murza ƙwaya tsakanin yatsu, ni ke sanin turare ya isa da na ga ƙaiƙayi ya fara buɗe baki. Amma ranar biya sai a kira ni a layin 'yan shanya, a danƙa mini abin da ake ba mai korar akuya. Gaisuwa kam ina sha. Inna sannu, Inna Allah ya ja kwana. To gaisuwa tana cika tukunya ne?

Da abin ya ishe ni na aika masa kukana ta bakin matarsa. Ya aiko cewa zamani ya canza, yanzu gumi aikin masu takarda ne. Bayan mako guda ya kawo ƙanwar matar tasa, wadda ta je wani horo na kwana uku a Kano ta dawo da takarda da agogo. Aka sa mata kujera a gindin darbejiya, aka ce ita ce mai gumi, ni mataimakiya. Ni a wuta, ita a inuwa, ninki ukun a hannunta.

Na haɗiye wannan ma. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne ranar da 'yan kasuwa suka zo daga birni. Suka damƙi shinkafa, suka ɗaga ta a rana, suka ciza, suka ce ba su ga irinta ba, wane ne mai wannan hannu? Ina tsaye a wurin, baƙi ƙirin da toka. Alhaji ya nuna yarinyar. Sannan ya waiwayo ya ce, "Inna, a kawo wa baƙi ruwa."

Na kawo ruwan. Washegari kuwa na wuce duro kamar ban san shi ba, na ɗauki manjagara. Ya biyo ni yana tambayar lafiya. Na ce, "Lafiya lau, Alhaji. Aikin da kake biyana na zo yi."

Dole yarinya ta tashi daga kujera. Ta bi abin da takarda ta ce, ta ƙirga awoyinta daidai. Abin da takarda ba ta gaya mata ba shi ne shinkafar sabon yanka ce daga fadama, da sauran ruwanta a jiki, ba ta son dogon jiƙo irin na tsohuwar ajiya. Daga inda nake shanya na jiyo tsamin jiƙon. Ƙafafuna suka ce in ruga, na danne su. Ban taɓa tsayawa ina kallon abinci na lalacewa ba sai ranar, kuma Alhaji ne ya ja mini wannan, ina neman gafarar Allah a kai har gobe. Da yarinyar ta ga ƙwaya ta fashe ta caɓe a duro wurin turare, ta zo da hawaye tana roƙona in duba. Ba da ita nake fushi ba, na ce ta janye itacen wutar. Amma aikin gama ya gama. Abin da ya fito daga inji ko kaji sai sun yi shawara.

Da la'asar Alhaji ya same ni, murya ta yi laushi. Ya ce zai ƙara mini ɗan kuɗin goro in koma bakin duro, amma sunan mai gumi da ladanta sai dai su zauna wurin yarinyar, tunda ita 'yan kasuwa suka sani. Wato bayan duk asarar nan bai ga hakkina ba, sadaka yake so ya yi mini da gumin goshina.

Na ce, "Ɗan nan, goro na baƙo ne. Ni ma'aikaciya ce."

Na jingina masa manjagararsa na fita, ban sake taka ƙofar ba. Na koma yin gumi a tukunyata a tsakar gida, kwano biyar, kwano goma, kaɗan ne amma ba wanda ya ci ladana.

Abin da na koya shi nake gaya wa jikokina mata in za su fita aiki: a yanka lada kafin a sa hannu, ko da wanda ya sha nonon uwa ɗaya da ku ne. Wanda zai ci hakkinki ba da zagi yake zuwa ba, da ladabi yake zuwa. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, ni na guje ta na biya da shekara biyu a cikin hayaƙi.